Batirin da Ke Ƙarƙashin Gadon Mma

Maamobi, Accra
Ran Lahadi

Zuwa ga duk wanda ya rage a Zauren Masu Gyara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe da manya da ƙanana, da fatan kowa yana lafiya, shi da iyalinsa da sana'arsa.

Ban sani ba ko akwai mai buɗe imel ɗin wannan zaure har yanzu. Na duba na ga saƙon kirki na ƙarshe barka da Sallah ne, kuma ba ta bana ba. Sunana Barikisu, 'yar marigayi Iddrisu mai gyaran rediyo da talabijin a bakin titin Nima. Ni nake buga masa wasiƙunsa zuwa gare ku a shagon intanet, yana tsaye a kaina yana faɗa in na rage masa kalma. Yanzu gilashin waya nake canjawa. Batir ba fannina ba ne, shi ya sa na zo.

Mahaifiyarmu, Mma, huhunta ya yi rauni. Likita ya ɗora ta a kan injin da ke ba ta iskar oksijin ta hanci, kuma da lantarki yake aiki. Kun san mu da dumsor: a kawo wuta da safe, a ɗauke kafin koko ya huce. Ƙanena Zulkarnaini ya je Old Fadama wurin 'yan gwangwan, ya sayo tsofaffin batiran laftof, ya farke su, ya haɗa ƙwayoyin ya yi babban batir guda don ya riƙe injin. Ya sa masa ɗan allon nan mai tsinke wuta in ya ga matsala. To allon ya riƙa tsinkewa, injin ya tsaya, Mma ta hau haki.

Sai ya shiga sabon shafin nan na tambaya da amsa, inda kowa ya koma. Ya tarar wani ya taɓa yin tambayar. Amsar da ke sama tana da koriyar alama da ƙuri'u ɗaruruwa, ta ce a cire allon a haɗa da waya kai tsaye. Ya cire. Tun daga nan injin bai sake tsayawa ba, mutanen gidanmu sai sa masa albarka suke.

Batirin yana ƙarƙashin gadon Mma. Kwanan nan in na durƙusa shara ina jin wani wari mai zaƙi-zaƙi, kamar maganin goge jan farce. Na taɓa akwatin na ji ɗumi, alhali ba a aiki da shi. Na yi tambaya a shafin, kafin in gama alwala an rufe ta, wai an riga an amsa irinta. Suka nuna mini amsar nan dai mai koriyar alama.

Tsoro nake ji, ban kuma san ko ina da dalili ba. Don Allah wanda ya sani ya gaya mini.

Na bar ku lafiya.
Barikisu Iddrisu

*

Maraɗi
Ran Litinin

'Yata Barikisu,

Wa alaikis salam. Ina gajiya, ina jikin mahaifiyar taki? Allah Ya ba ta lafiya, Ya jiƙan Iddrisu.

Ni ne Gajere, mai riƙe da makullin Zaure. Na yi zaman Nima da daɗewa, shagona yana kallon na babanki, kullum muna faɗa a kan Hausarku ta Zongo da ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba. Kin ce ga duk wanda ya rage. To ga ni, ni kaɗai ne, sai matattu. Na san bayan kin aika wasiƙarki wasu saƙonni sun dawo miki cewa ba a sami masu adireshin ba. Kada ki damu da su. Wasu sun rasu, wasu sun bar akwatinsu ya cika sun tafi kasuwa, don ni haka nake kiran shafin nan naku. Na babanki ma yana ciki, hannuna ya ƙi cire shi. Kamfanin da ke riƙe mana Zaure kuma ya aiko takarda, ƙarshen watan nan zai rufe.

Ƙa'idarmu biyu ce, in kin manta. Ta ɗaya, ba a ba da amsa sai an yi wa mai tambaya tambayoyi. Ta biyu, duk wanda aka ba shawara dole ya dawo da labarin yadda ta kaya, ko da daɗi ko ba daɗi. Wanda bai dawo ba mukan tura mutum har shagonsa. Babanki ya taɓa hawa mota har Kumasi don wani ya yi shiru a kan taransifoma.

Allon da ƙanenki ya cire, mu mai gadi muke ce masa. Ruwa ba ya tsami banza. In mai gadi yana tsinke wuta, wata ƙwaya ce ta lalace a ciki yake kare ku daga ita. Ƙanenki ya kori mai gadi don yana hana shi barci, ɓarawon kuwa yana nan cikin ɗaki.

Yanzu ki amsa mini. Ƙofa nawa ɗakin yake da ita? Tagar akwai ƙarafa? Ɗumin nan yaushe ya fi yawa, lokacin da babu wuta ko bayan an kawo? Sannan ki koma shafin ki dubo mini abu ɗaya: wane ne ya yi tambayar tun farko, kuma ya dawo ya ce wani abu daga baya?

Ki gaishe da Mma da kyau. Kada ki yi jinkirin amsa.

Babanki,
Gajere

*

Maamobi
Ran Talata

Baba Gajere,

Barka da war haka. Na yi kuka da na ga sunanka, wallahi. Babanmu yakan ce kai ne mutumin da ke jin ciwon rediyo daga ƙofa.

Ƙofa ɗaya ce. Tagar akwai ƙarafa, Baba da kansa ya sa saboda ɓarayi. Gidan haya ne, ɗakuna jere, iyalai takwas, kuma lungunmu ko amalanke sai an karkata ta take shiga. Ɗumin ya fi yawa in an kawo wuta batirin ya fara caji. Jiya na sa tafin hannu na kasa barinsa a kai.

Na karanta wa Zulkarnaini wasiƙarka. Ya yi dariya, ya ce tsofaffin Zaure a zamanin batirin mota suka tsaya. Ya ce mutum ɗaya a Maraɗi ba zai fi ɗaruruwan da suka jefa ƙuri'a sani ba, shi ma ya jefa tasa. Ba yaron banza ba ne, Baba. Shi yake wanke Mma, shi yake kwana a ƙofarta. Amma tun da ya fara tara maki a shafin nan ba a gaya masa magana.

Ƙanwar Mma, Hajiya Wadia, tana Kanda, gidansu akwai janareta. Na ce mu kai Mma can. Mma ta ce a ɗakin nan mijinta ya cika, ba inda za ta.

Wanda ya yi tambayar ya sa sunansa Mumuni Kawukudi. A ranar da aka ba shi amsa ya sa koriyar alamar, ya rubuta cewa ya gwada ya yi aiki, ya gode. Bayan wannan ba komai.

Ina jiran maganarka.

'Yarka,
Barikisu

*

Maraɗi
Ran Talata

Barikisu,

Sallama da gaisuwa. Yau ba zan tsawaita ba.

Na san Mumuni. Ɗan Zaure ne, mai gyaran inbata, na'urar nan da ke juya wutar batir ta zama ta gida, shagonsa kwantena ce shuɗiya kusa da mahaɗar Kawukudi. Hannunsa yana da kyau, haƙuri ne ba shi da shi. Ya bar mu don ya ce mutum ya tambaye mu gishiri sai mun tambaye shi sunan kakarsa. Tun damina saƙonnin Zaure suke dawowa daga akwatinsa.

Koriyar alamar nan ba ta ce komai ba sai cewa abin ya yi aiki a ranar. Batir kuwa ba a ranar yake nuna halinsa ba. Ki rufe shago gobe ki je ki same shi, ki tambaye shi yadda batirinsa yake yanzu. Gani ya kori ji. In ya ce lafiya lau, ni Gajere zan ba ƙanenki haƙuri a rubuce.

Kafin nan ki nemi daro na ƙarfe ki zuba yashi, ki ajiye a bakin ƙofar Mma. In an tambaye ki ki ce shuka za ki yi. Kuma ki riƙe wannan: ba ɗauke wuta ne abin tsoro ba, dawowarta ce. In kin ji yaran unguwa sun yi ihun an kawo wuta, ki kasance kusa.

Allah Ya tsare.
Gajere

*

Maamobi
Ran Laraba

Baba Gajere,

Ina yini. Na je Kawukudi.

Na sami kwantenar. Ba shuɗiya ba ce yanzu. Rufin ya lotsa ciki, ƙofar tana jingine a gefe, an toshe bakin da kwano. Wata mata tana soya doya a gabanta. Na ce ina neman Mumuni mai inbata. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Aiki kika ba shi?" Na ce a'a, tambaya ce. Ta ce, "Ni ce matarsa, Ruhaina. Zauna."

Ta ce watanni batirin yana aiki lafiya, har yana nuna wa mutane yana alfahari. Ranar da abin ya faru an yini ba wuta. Bayan azahar ya shiga ya kishingiɗa, ya jawo ƙofa saboda hayaniyar motoci. Aka kawo wuta. Masu shagunan gefe sun ce sun ji huci kamar an kwance tayar mota, sai farin hayaƙi, sai wuta tana harbi ta ko'ina. Sun watsa abin da suka samu, tana mutuwa tana sake tashi. An fito da shi da rai, ya yi kwanaki a asibiti, Allah Ya karɓi abinsa.

Na tambaye ta ko ta taɓa jin wari a shagon. Ta ce, "Mai zaƙi? Har a rigarsa nake ji. Na ɗauka wani turare ya canja."

Baba, sai na ciro waya na nuna mata shafin, ga sunan mijinta, ga godiyarsa, ga ƙuri'u. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta gane sunan. Ta ce, "To su a can ba su san ya rasu ba?"

A cikin trotro, motar hayar da na shiga zuwa gida, na yi ƙoƙarin rubuta abin da ya faru a ƙarƙashin amsar. Shafin ya ce ba ni da makin da ya kai in yi magana a wurin. Zulkarnaini yana da su. Na gaya masa komai a tsakar gida, na roƙe shi ya rubuta, ya kuma fitar da batirin. Ya ce na je na kwaso mugun baki na kawo gida. Mma tana jin mu daga ɗaki, ta ce mu bar faɗa a kanta, rai na Allah ne.

Na ajiye daron yashi. Na so in jawo batirin da kaina, amma in na fitar da shi aka ɗauke wuta, da me za ta yi numfashi? Gaba kura, baya siyaki. Gobe zan je Kanda in ɗauko Hajiya Wadia, ita kaɗai Mma take jin nauyi.

Warin ya ƙaru. Yanzu daga bakin ƙofa ake ji.

Ka yi mana addu'a.
Barikisu

*

Maamobi
Ran Alhamis

Malam Gajere,

Assalamu alaikum. Ni ne Zulkarnaini, wanda kuke magana a kansa kai da Yaya. Ina gaishe ka da girmanka, don abokin Baba uba ne. Amma zan faɗi tawa.

Ka koma baya a Zaurenku ka duba. Kafin in je shafin da kake kira kasuwa, nan na fara zuwa. Ranar da allon ya tsinke wuta, injin ya tsaya, leɓen Mma ya yi baƙi, ina mata fifita da kwali tana riƙe da wuyan rigata. Da ta samu ta lafa na rubuto muku, na ce a taimake ni. Ka san wa ya amsa? Saƙonni suka yi ta dawowa cewa ba a sami mai adireshin ba. Ɗaya a ciki sunan Babana ne. Na jira har na gaji. A shafin can kuwa ban ko yi tambaya ba, amsar tana zaune tana jirana.

Allah Ya jiƙan Mumuni. Amma ba wanda ya san irin ƙwayoyin da ya sa. Nawa na auna su ɗaya bayan ɗaya kafin in haɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai kana Maraɗi kana ba da umarni, Yaya tana shago, ni ne nake ganin idon Mma in injin ya yi shiru. Ba zan sake ganin wannan ba.

Na yi odar sabon allo, mako mai zuwa zai iso. Zan sa. Kafin nan a bar ni in riƙe uwata da rai yadda na iya.

Ka huta lafiya.
Zulkarnaini Iddrisu

*

Maraɗi
Ran Alhamis

Ɗana Zulkarnaini,

Wa alaikas salam. Na koma baya na ga wasiƙarka. Gaskiyarka. Lokacin ina kwance an yi mini aikin ido, kuma ba wani a Zaure da zai buɗe. Da a shekarun baya ne, kafin la'asar mutum biyar sun yi maka tambayoyi, ɗaya ya hau babur ya zo gidanku. Ka ƙwanƙwasa ƙofa ka tarar da kango. Na ji kunya, na kuma ji zafin abin.

Amma fushinka da mu ba zai sanyaya batirin ba. Ka auna ƙwayoyin ranar da ka haɗa su, yau fa? Warin da yayarka take ji ruwan cikin ƙwaya ne, wata ta riga ta fashe. Sabon allo ma tsinkewa zai yi, don gaskiya tsohon ya gaya maka. Kuma a ɗakin da oksijin yake yawo, katifa ba ta jiran a roƙe ta.

Abu uku nake roƙo, ba umarni ba. Ka zare caja daga bango yanzu. Ka kai Mma Kanda, ko da kuka, ko da zagi. Sannan ka fitar da batirin fili, nesa da bango, a kan yashi. In ba za ka iya duka ba, yi na farko. Kada wuta ta dawo ta same shi a jone.

Ba na so in san Mumuni biyu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ka dawo mini da labari.

Babanka,
Gajere

*

Kanda
Ran Asabar

Baba Gajere,

Assalamu alaikum. Yaya ce ta ce in rubuto, ta ce ƙa'ida ce. Ita ba za ta iya ba.

Na zare cajar ran Alhamis. Aka ɗauke wuta, aka kwana, aka wayi gari babu. Batirin ya kusa ƙarewa. Da zan tafi masallacin Juma'a na mayar da cajar, na ce in an kawo ya samu ko kaɗan.

Sai a ranar Yaya ta samu ta zo da Hajiya Wadia. Suna lallashin Mma, sai yara suka yi ihun an kawo wuta. Ba a jima ba Yaya ta ji huci a ƙarƙashin gado. Ta jawo batirin, ta jefa a daron, ta ɗauka ta yi tsakar gida. Kafin ta dire ya kama da wuta.

Mma tana nan Kanda, tana numfashi. Gidan bai ƙone ba. Hannayen Yaya duka biyu sun ƙone, a naɗe suke. Na tambayi likita ko za ta sake riƙe ƙaramin sukundireba, ya ce mu bari a kwance bandejin tukuna. Ni nake ba ta abinci a baki. Da ma ta zage ni.

Na shiga shafin na rubuta duka, da na Mumuni da namu. Masu kula da shi sun cire, sun ce wannan labari ne, ba amsa ba ce. Na je in janye ƙuri'ata, aka ce lokacin janyewa ya wuce. Tana nan a cikin sauran. Ɗazu na sake dubawa, na ga an ƙara biyu.

Mma tana gaishe ka. Allah Ya ƙara lafiyar ido.

Ɗanka,
Zulkarnaini